Idan Motarka Ta Daki Dakalin Gefen Titi

Ni waya nake gyarawa, kuma kullum ana kawo min wadda ta faɗi, sikirin lafiya ƙalau, amma bod ya tsage a ciki. Haka mota take idan taya ta daki dakalin titi. Kada ka duba fenti kawai ka ce Alhamdulillahi ka wuce.

Fara da gefen tayar. In ka ga kumburi kamar ƙwai, zaren ciki ya tsinke, kuma mai faci ba zai iya komai a kai ba. Canza ta kawai, don irinta ce ke fashewa a hanyar Kaduna kana tsaka da gudu. Bakin rim kuma zuba masa ruwan sabulu, in yana kumfa to ya lanƙwashe.

Sannan ka hau miƙaƙƙen titi. Sitiyari ya karkace ko motar na ja gefe guda? Zargi tayarod ko lowa am. In ta fara guɗa tana ƙaruwa da gudu, boris ne.

A ɗaga da jak, ka riƙe tayar hagu da dama ka girgiza: motsi a nan na tayarod ne. Sama da ƙasa kuwa, boljoin ko boris.

Wani zai ce maka alaimen kawai za a yi. Malam, sai an canza ƙarfen da ya lanƙwashe tukuna, in ba haka ba sabuwar tayar ma za ta cinye ta gefe ɗaya.