Kiɗan Da Na Sa Wa Abokiyar Zamana

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata gardama ce da ta tashi a gabana. Ranar Alhamis ce, ranar kasuwarmu ta Maigatari, gari ya cika ya batse da fatake da masu raƙuma da shanu daga Nijar, maza duk sun tafi kara, mu kuwa mata muna gidan maƙwabtanmu ana yi wa amarya ƙunshi. Can sai ga wata yarinya ta dawo daga shagon masu tura finafinai, an cika mata waya, ta zauna a gefen tabarma ta kunna shirin Labarina, wanda Aminu Saira ya fara kawowa a tashar Arewa24 a 2020. Kiɗan na tashi sai Gwaggo mai kitso ta yi tsaki ta ce, "Ke 'yar nan rage mana wannan fiyano, mutum ba ya ko jin abin da ake faɗi, sai ka ce gidan biki."

Ai kuwa kamar ta tsokano tsuliyar dodo. 'Yan matan nan suka yi caa a kanta. Ɗaya ta ce, "Haba Gwaggo, ai waƙar ce shirin, in an cire muryar Naziru Sarkin Waƙa wa zai yi wa Sumayya kuka?" Wata matar aure ta ce ita Izzar So na Lawan Ahmad ya fi kwanta mata, don ko ba komai za ka tashi da darasi, amma abin da ke ba ta haushi da masu shirye-shiryen nan gaba ɗaya shi ne kiɗan baƙin cikinsu guda ɗaya ne, in an yi mutuwa shi za a sa, in an saki mace shi, in wayar yarinya ta faɗa rijiya ma shi. Aka kwashe da dariya. Wata baƙuwa da ta zo daga Magarya ta ce su a can waƙar suke fara karɓa a waya tun kafin su ga shirin, har yara su haddace ta. Gwaggo dai ba ta sauka ba, ta ce fiyano ba shi da rai, ina ma a dawo da kalangu da ƙwarya irin ta Barmani Coge.

Sai aka juyo gare ni aka ce, "Yaya, ke ba ki ce komai ba." Na yi murmushi na ce hannuna da lalle, bakina ma da lalle. Gaskiyar magana ita ce abin da ke cikina ya fi ƙarfin zaman ƙunshi, shi ya sa na kawo muku shi nan.

A Gumel aka haife ni, lokacin muna cikin Jihar Kano, don sai 1991 aka yanke mana Jigawa. A duk layinmu gida ɗaya ne ke da talabijin, baƙi da fari, an kafa mata eriya a kan dogon ƙarfe. In hoto ya fara yayyafi sai a tura yaro ya juya ƙarfen, mu kuma daga ciki muna ihu, "Ya yi! Ya ɓaci! Koma baya!" A nan na san Samanja Mazan Fama, wato Usman Baba Pategi, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a 2023, da Ƙasimu Yero na Karambana da ya rasu a 2017, da Karkuzu na Bodara daga Jos. Allah Ya jiƙansu. Ba mu da agogo a gidanmu, kiɗan buɗe shiri shi ne agogonmu. Ina cikin wanke-wanke in na jiyo shi ta kan katanga, sai in ji hannuna na rawa, in ɗauraye kwano rabi da rabi in zari mayafi. Sau nawa Inna ta ja mini kunne a kan haka, Allah kaɗai Ya sani.

Kiɗan wancan zamani ɗan kaɗan ne. A buɗe shiri da shi, a rufe da shi, wani lokaci a ɗan busa sarewa in za a sauya wuri, shi ke nan. Tsakanin nan magana ce zalla, kuma kai mai kallo kai za ka gane da hankalinka wane ne mugu wane ne na kirki. Inna takan ce, "Ku dubi idonsa, wannan ba shi da gaskiya." Tun ba mu iya ba har muka iya.

A 1992 aka kawo ni Maigatari gidan mijina, dillalin shanu ne, mutum mai haƙuri da fara'a. Muna nan zamanin kaset ya shigo. An fara da Turmin Danya a Kano a 1990, kafin shekara goma finafinan Hausa sun cika ko'ina, kuma suka zo da sabon abu, wato fiyano da waƙar soyayya tsakanin namiji da mace irin ta Indiya. Da Sangaya ya fito a 1999, na Ali Nuhu da Fati Muhammad, babu gidan biki, babu shagon mai shayi, babu motar haya daga Gumel zuwa Maigatari da ba a jin waƙarsa. Ni kaina ina sonta ƙwarai, ina daka ina rera ta.

To 'yar uwa, a shekarar da ta biyo baya Malam ya ƙaro aure. Bai ɓoye mini ba, ya yi mini kayan faɗar kishiya daidai ƙarfinsa, ni ma na ce Allah Ya sa alheri, amma ke ma mace ce kin san abin da ke ƙarƙashin wannan kalma. Daren da aka kawo amarya daga Sule Tankarkar, ƙawayenta suka zo da rikoda, suka ajiye ta a tsakar gidana, kuma ba su sa komai ba sai waƙar nan ta Sangaya, in ta ƙare su mayar da kaset baya su sake. Ina ɗaki da goyon wata bakwai, na toshe kunne da filo, amma ina! Tun daga wannan dare na tsani waƙar. In na ji ta a hanya sai ƙirjina ya yi nauyi kamar an ɗora mini turmi.

Ba waƙar kaɗai na tsana ba. Kun san yadda ake yi a shirin talabijin, in muguwa za ta shigo sai kiɗa ya sauya, ya yi ƙasa-ƙasa yana gurnani, tun ba ta buɗe baki ba kin san ba alheri ya kawo ta ba. To irin wannan kiɗa na sa wa abokiyar zamana a cikin zuciyata. In ta yi mini sannu sai in ji habaici. In ta ba ɗana ƙosai sai in karɓe in ce ya ƙoshi. In ta yi dariya da Malam sai in ce da ni suke. Wallahi ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa kai ƙarata ba, amma shekara goma sha biyar muna gida ɗaya, murhu biyu, gaisuwa a tsaye. Kowa ya ga zamanmu sai ya ce lafiya lau, don ba a taɓa jin kanmu ba. Ni kaɗai ke jin gurnanin nan.

A 2015 Malam ya sayo dish da sola, ya ce ba zai iya sayen talabijin biyu ba, don haka a rumfar tsakar gida za a ajiye, mai so ta fito. A shekarar ce Arewa24 ta fara Daɗin Kowa. Da farko in ta fito ni sai in shige ɗaki. Amma kiɗan buɗe shirin ya yi mini abin da na Samanja ya yi mini ina yarinya, ƙafata ta riƙa kai ni ba da shawarata ba. Tabarmata a gabas, tata a yamma, yara a tsakiya. Wata rana Kamaye ya yi wa Adama wata tsiya tasa, ban san lokacin da na ce, "Kai, maza!" ba. Sai na ji daga yamma an ce, "Wallahi Yaya duk halinsu ɗaya." Muka kalli juna, dariya ta ƙwace mana. Wannan ce dariyar farko da muka yi tare. Daga nan tabarmi suka fara matsowa, amma kada in yi muku ƙarya, zuciyata ba ta gama sakin jiki ba.

Abin da ya ƙarasa karya ni maganar 'yata ce, autata. A 2021 wani saurayi ya fito mata, mai sayar da kayan waya, ɗan gayu, bakinsa kamar zuma. Kullum dare sai ya turo mata waƙoƙin Labarina da na sauran shirye-shirye, ta sa abin ji a kunne ta kwanta tana hawaye tana murmushi. Ni ma ya saye ni, don in ya zo gaishe ni har ƙasa yake durƙusawa, ga ledar lemo da balangu. In ya yi sallama, a kunnena kiɗan jarumi nake ji, mai sanyi mai daɗi. Malam ya ce a yi bincike, na ce wane bincike kuma, yaro ga shi kamar a fim.

Abokiyar zamana ba ta ce komai ba. Ashe ta aika wa yayarta da ke aure a Gagarawa, inda yaron ya taɓa zama. Bayan kwana tara, da daddare bayan yara sun kwanta, ta yi sallama a ƙofar ɗakina, abin da ba ta saba ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Yaya, zan faɗi magana, in kin ga dama ki tsane ni a kanta. Yaron nan ya yi aure sau biyu, duka bai kai shekara ba ya sake su, ta biyun da ciki ya kore ta, har yau bai je ya ga abin da ta haifa ba. Ban faɗa wa Malam ba, ke ce uwa, ke ya kamata ki fara ji."

Kun san abin da ya fara zuwa raina? Baƙin ciki take yi, don tata 'yar ba ta samu miji ba. Gurnanin nan ya taso kamar yadda ya saba. Amma sai na tuna maganar Inna, na ɗaga fitila na dubi idonta. Idon ya yi ja, ta sha kuka kafin ta shigo. Yarinyar nan a bayanta ta yi wayo, ita ta yi mata kitson sallah tun tana shekara uku. Washegari na sa ƙanena ya hau mota ya je Gagarawa da kansa. Abin da ya dawo da shi bai bar ko kalma ɗaya daga maganarta ba.

'Yata ta yi kuka kamar ranta zai fita, ta daina cin abinci, ta ce mun raba ta da masoyinta kamar yadda ake yi wa 'yan mata a fim. A ɗakin abokiyar zamana ta kwana sati biyu, ita ta lallashe ta, ni na kasa. Yau tana gidan wani malamin makaranta a Gumel, mutumin da bai iya ko turo waƙa ba, da 'ya'yanta biyu, in ta zo gida har tsokanar ta muke yi.

Ni kuwa na je na nemi gafarar baiwar Allah nan. Na faɗa mata komai, har da maganar rikoda. Ta riƙe baki ta ce, "Wayyo Yaya, wallahi ni a daren nan kuka nake yi a cikin lulluɓi, ina tsoronki, ko waƙar da suka sa ban ji ba." Ku ji fa! Shekara ashirin da ɗaya ina riƙe da waƙar da ita ko jin ta ba ta yi ba.

To ga amsata ga Gwaggo da 'yan matan gidan ƙunshi. 'Yan mata kuna da gaskiya, waƙa mai daɗi tana fito da kukan da mace ta daɗe tana haɗiyewa, kuma sau da yawa ba Sumayya muke yi wa kuka ba, kanmu muke yi wa. Gwaggo ke ma kina da gaskiya, kiɗan ya yi yawa, kuma ina roƙon masu shirya mana wasanni su riƙa sassauta shi, su bar mu mu ji magana mu auna ta da kanmu, su kuma tuna da kalangu da garaya da ƙwarya, ba su mutu ba. Amma babban abin da nake jin tsoro shi ne sabo. Mai shiri ya san ƙarshen labarinsa, shi ya sa yake da ikon sa wa wannan kiɗan mugu, ya sa wa wancan na jarumi. Ke da ni ba mu san ƙarshen kowa ba. Na sa wa mai ƙaunata kiɗan muguwa, na sa wa macuci kiɗan jarumi, saura ƙiris in jefa 'yata a rijiya da hannuna.

Don haka ƙanwata, in saurayi ya turo miki waƙa ki ji abinki, amma ki tuna ba shi ya yi ta ba, kuma ya iya tura wa wasu goma. Ki bar iyaye su yi bincike. Ke kuma uwargida ko amarya, in kin ji gurnanin nan ya taso game da abokiyar zamanki, ko uwar mijinki, ko matar wan mijinki, ki ɗan rage shi kamar yadda Gwaggo ta ce, ki saurari abin da matar ta faɗa da bakinta, ki dubi abin da ta aikata da hannunta.

Kwanan baya jikata ta kunna tsofaffin waƙoƙi a waya, sai ga Sangaya. Muna tsinkar zogale ni da abokiyar zamana. Ta dube ni ta ce, "Yaya, a kashe?" Na ce a'a, bar ta, ashe ma waƙar da daɗi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, Ya kare mana 'ya'yanmu, Ya raba mu da mugun zato. Kuskuren da ke ciki nawa ne, ku yafe ni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
'yar uwarku daga Maigatari.