Katin Wace Ce Wannan?



Kusan kowa a makarantar nan ya san mu, ko da bai san sunayenmu ba. Mu ne tagwayen aji biyu da ba a sa mu sharar fili, masu yawo da gorar ruwa, masu sa suwaita da safa tun hunturu bai kankama ba. Wasu suna cewa gata ne ya yi mana yawa. Sikila gare mu, mu duka biyun. Zangon da ya wuce mun yi mako biyar ba mu zo ba, har aka ce wai an mayar da mu Gusau da zama. Shi ya sa muka yi wannan rubutu, ɗaya tana riƙe da biro, ɗaya tana tuna mata abin da ta manta.

Ga yadda likita ya yi mana bayanin ciwon. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya zagayayyu ne masu taushi, suna kai kwana 120 suna aiki. Namu lanƙwashewa suke yi kamar lauje, kuma cikin kwana 10 zuwa 20 sun mutu. Don haka kullum jininmu a ƙasa yake. Idan kuma suka cunkushe a ƙananan jijiyoyi, sai ciwo ya tashi, ka ji kamar ana dakan ƙashinka da taɓarya. Ba a ɗaukar sikila a wurin zama ko a kwanon abinci, gadonta ake yi. Idan uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ana ƙiyasin ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara.

Kuskuren farko tun ba a haife mu ba aka yi shi. Kafin auren iyayenmu Baba ya je wani ɗakin gwaji, aka ba shi takarda cewa shi AA ne. Takardar tana nan a ƙasan akwatin Inna. Sai da muka kai wata takwas, hannuwanmu da ƙafafunmu suka kumbura, aka sake gwada kowa, aka ga ashe AS ne kamar Inna. Baba ba ya son a tayar da zancen. Mu dai wani lokaci da dare mukan ce, da mai gwajin nan bai yi kuskure ba, ƙila da ba a yi auren ba, da kuma babu mu. To ta ina za mu fara fushi da shi?

Ƙananan kurakurai kuwa ba sa ƙirguwa. Akwai mai kemis da ya yi ta sayar wa Baba tonik mai sinadarin ƙarfe wai zai ƙara mana jini, sai daga baya likita ya hana, ya ce ba ƙarfe muka rasa ba, kuma wanda ake yi wa ƙarin jini ƙarfen taruwa yake yi a jikinsa.

Wanda ya hana mu zuwa makaranta ya faru ne ƙarshen damina. Zazzaɓin cizon sauro ya kama mu rana ɗaya, aka kai mu wani asibiti, aka ɗebi jininmu. Kun san yadda ake raɗa wa tagwaye suna, harafi biyu ko uku ne bambancin. Sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, lambar kati tana bin lambar kati, ga kuma fuska. Awon jinin babbarmu ya nuna kashi 24, wanda a wurinmu ba laifi. Na ƙaramarmu kashi 14 ne. Aka rubuta na wannan a katin waccan.

Sai aka ba babba gado, aka ce Baba ya nemo mai ba da jini. Ƙarama kuwa aka ba ta ƙwayoyi aka ce ta tafi gida. Kawu ya zo ya ba da leda ɗaya, aka ce sai da safe za a ɗaura. Inna ta kwana a asibiti, ƙarama ta kwana wurin Kaka.

Ga abin da ya fi damun mu har yau. Da maraice babbarmu ta hango takardar gwajin da aka maƙala a katinta, ta ga lambar da ke kai ba tata ba ce, domin tata da 7 take ƙarewa, wannan kuwa da 8. Ta gani sarai, amma ta yi shiru. An koya mana yaro ba ya gyara wa babba magana, balle mai farin kaya. Ta ce a ranta ai sun fi ta sani, ta ja mayafi ta kwanta.

A gida kuwa, bayan isha'i ƙarama ta kasa tsallake dokin ƙofa, numfashinta yana sama-sama, ƙirjinta yana bugawa kamar ta yi gudu. Kaka ba ta iya karatun boko ba. Ta kunna tocila, ta ja fatar idonta ƙasa, ta buɗe tafin hannunta ta duba, sai ta ce wa Baba, “Ɗiyar nan ba ta da jini.” Baba ya ce ai an auna, takarda ta ce da sauƙi. Kaka ta ce, “Takarda ta faɗi nata, ni ma na faɗi nawa.” Dare ya yi, babu ɗan kabu-kabu ko ɗaya a hanya, kun san yadda garinmu yake yanzu. Haka Kaka ta zauna da ita a cinya tana ba ta ruwa da cokali har aka kira assalatu.

Da safe aka sake awo, jinin ya sauka zuwa 12. Ledar da Kawu ya bayar ita aka ɗaura mata. Da ƙirji ya fara ciwo sai aka tura mu Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, domin tana buƙatar iskar oksijin. A mota Inna ta ce mata kada ta rufe ido sai ta ga Dutsen Kwatarkwashi, da muka wuce shi ta ce to sai ta ga Gusau. Kwana goma sha ɗaya muka yi a can, aka ƙara mata wata ledar.

Mutum ɗaya ce ta ba mu haƙuri a asibitin farko, wata nas. Kafin mu shiga mota ta riƙe hannun Inna ta ce, “Hajiya, laifinmu ne, ku yafe.” Mun san ita kaɗai ce a ɗakin daren nan, gadaje sun cika, babu wuta. Mun yafe mata. Amma fushin bai tafi duka ba, kuma ba za mu ce ya tafi ba. Duk wanda ya zo dubiya cewa yake “sai haƙuri”. Gaskiya ne, amma mai faɗa yana tashi ya tafi gida, mu ne muke kwana da allura a hannu. Baba sai da ya sayar da buhun masara biyu da tunkiyar Inna.

Muna dawowa gida, mako bai cika ba ƙafar babbarmu ta tashi, muka koma. Jarrabawar tsakiyar zango ta wuce mu, haka ma kacici-kacicin da muka yi wata guda muna shiri.

Yanzu kowace tana da littafinta, na babba mai jan bango, na ƙarama mai shuɗi. A ciki akwai cikakken suna, lambar kati, rukunin jini, awon da jininta ya saba tsayawa, da magungunan kullum, wato folik asid da Paludrine. Inna ta ɗaura mana zare a hannu mai launin littafin. Kuma mun yi wa juna alkawari, kafin a tsira mana allura ko a ba mu ƙwaya sai mun tambaya, “Anti, don Allah katin wace ce wannan?” Ranar farko muryarmu rawa ta yi. Nas ɗin ta ɗaga kai ta kalle mu, ta duba katin, ta karanta sunan da ƙarfi, daidai ne.

Malamai, idan muka nemi izinin fita fitsari sau biyu a darasi ɗaya ba gudun aji ba ne, ruwa muke sha da yawa don kada ciwon ya tashi. 'Yan ajinmu kuma, har yanzu ba mu gama kwafar darasin lissafi da na kimiyya na makonnin da ba mu nan ba. Wanda littafinsa ya cika ya ara mana, za mu dawo da shi ranar Litinin. Muna benci na biyu kusa da ƙofa.