Daga Muzen Yamai zuwa gwangwanin da munka ɓoye a Filinge



Cikin yaranmu 'yan shekara goma, nawa ne sunka taɓa ganin barewa da ido, ba hoton salula ba? Mu dai a gidanmu ko ɗaya babu. Shi ya sa da hutun lakkwal ya zo munka kwashi yara shida da kakarsu, munka kama hanyar Yamai ta Bonkuku da Baleyara, kilomita wajen 180.

Gidan tarihi na Bubu Hama munka nufa, wanda kowa ke ce ma Muze. Tun 1959 anka buɗe shi. Wurin namun dajin ba wani babba ba ne, amma akwai zaki, akwai dorina da kadoji, ga kuma ƙasusuwan manyan dabbobin da anka tono a jihar Agadas. Har itaciyar Tenere tana nan, wadda mota ta kaɓe a 1973.

Gaban kejin kura ne abin ya taɓa mu. Autanmu ya ja zanen kakarsa ya ce: "Kaka, wannan karen Turawa ne?" Tsohuwa ta yi dariya, daga nan ta yi shiru. Ta ce: "Kai ɗan nan, kukan wagga shi ke hana mu fita da dare muna yara." Nan ta shiga koya musu yadda ake bambanta sawun kura da na kare, da lokacin da barewa ke kusanto gonaki. Wallahi mu iyayen ma rabin zancen ba mu taɓa jin shi ba. Mun biya kuɗin mota mun je kallon dabba, ashe mai saninta tana gida muna cin tuwo tare.

Fari da sarar itace da farauta sun kore namun dajinmu, wannan kowa ya sani. Amma abin da ya ragu yana iya komowa. Raƙuman dawa na Kure, can ƙasa cikin wannan Dallol Boso da Filinge ke bakinsa, 49 kaɗai sunka rage a 1996. Da mutanen wurin sunka tsaya musu, sun haura 600. Sai dai yaron da bai san sunan dabba ba, yaya za ya kare ta?

Da munka komo, babban yayansu mai karatu a jami'a ya kawo dabara. Akwai wani wasa da anka fara a Amurka a 2000, suna ce masa jiyokashin: mutum ya ɓoye akwati, ya sa lambobin GPS na wurin a intanet, masu nema su bi da salula. Wanda ya gano ya rubuta sunansa, in ya ɗauki abu ya ajiye wani.

Namu gwangwanin madara ne, da ɗan kaye da biro da zanen dabbobin da yara sunka yi. Mun ƙara doka ɗaya: ba ka rubuta sunanka sai ka je wurin wani tsoho ko tsohuwa ka samo sunan dabba ɗaya da ta taɓa zama a Kurfai, da inda aka saba ganinta. Yanzu kayen yana da damo, bushiya, dila da zabin daji, kowanne da sunan fadama ko tudun da anka faɗa.

Cikin gari munka ɓoye shi, ƙarƙashin wata itaciya, kusa da idon mutane. Kun san halin da daji ke ciki yanzu, kada yaro ya fita gari da sunan wasa. Mai son lambobin ya yi magana nan, babba ya raka yaro, da rana.

Abin da muke roƙo shi ne kowace unguwa ta yi nata, Tukunus da Bonkuku ma haka, tun tsofaffinmu na da rai da baki. Allah ya ja kwanansu, ya ba ƙasarmu lafiya.