Yadda Muka Ɗauki Waƙarmu Ta Farko A Ɗakin Haya A Agege

Tun da waƙar bikin nan ta fara yawo a wayoyi, matasa ke tare mu suna tambayar wane situdiyo muka je. Ba mu je ko'ina ba. A ɗakinmu na haya a Agege muka yi ta, mu uku, kuma saura ƙiris mu ji kunya.

Abokinmu ne za a aurar da ƙanwarsa, muka yi masa alkawarin waƙa ana saura mako uku biki. Muka kwashi adashinmu muka nufi Computer Village a Ikeja, muka sayo makirfo irin wanda ake kira kondensa, don kawai shi muke gani a gaban manyan mawaƙa a YouTube. Muka dawo gida muka jona shi da kwamfuta, shiru kake ji. Ashe irin wannan makirfo ba ya aiki sai an ba shi wuta mai ƙarfin volt 48, kuma wani ɗan akwati da masu sana'ar ke kira saun kad ne ke ba shi ita, shi ne kuma ke shigar da murya cikin kwamfuta. Kashegari muka ci bashi muka koma Ikeja.

Da ya fara aiki sai wata sabuwa ta ɓullo. Kondensa ba abin da ba ya ji. Janaretan maƙwabci, fankar sama, hon ɗin danfo, kukan jaririn ɗakin baya, duk ya kwashe su tare da muryarmu. Ga bango fayau, ga tayil a ƙasa, murya tana bugawa tana dawowa kamar daga cikin rijiya muke waƙar. Wani ya ce mu manna kiret ɗin ƙwai a bango. Yini guda muka ɓata a kan haka, janareta bai fasa shigowa ba, sai ƙarnin ƙwai da muka ƙara wa ɗakin.

Abin da ya cece mu ba mu biya ko kobo a kansa ba. Muka jingina katifunmu biyu a bango, muka rataya bargo a taga da ƙofa, muka buɗe wadirof mai cike da kaya, mai waƙa ya tsaya yana fuskantarsa. Tufafi na shanye amsa-kuwwa. Muka lanƙwasa wayar hanga muka sa mata siririyar safa, muka tare gaban makirfo saboda iskar da ke fita da harafin fa da ba. Tazarar baki da makirfo kamar taƙi ɗaya. Manhajar Audacity muka yi amfani da ita, kyauta ce, kuma a nan muka koyi cewa in alamar sauti ta taɓa ja, murya ta fashe, babu gyara sai sakewa. Kiɗan kuwa a kunne mai waƙa ke jin sa, ba a lasifika ba, don kada ya koma cikin makirfo.

Sai lokaci. Muka riƙa jiran daren da aka kawo wuta, janaretoci suka yi shiru, mu fara wajen ƙarfe 2 mu tsaya kafin kiran sallar asuba. Fanka a kashe, taga a toshe, a zafin Legas. Baiti ɗaya sai mu fita shan iska muna matse riga.

Da yau za mu fara, makirfo irin na masu wa'azi da 'yan em-si za mu saya, wanda ake kira dainamik. Ba ya buƙatar waccan wutar, kuma ya fi yin biris da hayaniyar nesa.

Ana jibi biki muka gama. Ranar kamu aka sa ta har sau huɗu, amarya ta yi kuka. Wanda ya kasa kunne sosai a baiti na biyu zai ji hon ɗin jirgin ƙasa yana wucewa, mun kasa cire shi. Bashin saun kad kuwa saura biya biyu.