Mai Sheƙi Nake Fara Zargi

Jama'a, ni dai in zan sayi fatar takalmi ta kamfanonin jima na Challawa ko Sharaɗa, mai sheƙi nake fara zargi. Fatar jar akuyar Sakkwato in ta fito lafiya, rini kawai ake mata, ƙofofin gashinta a fili. Wadda kaska ta ciza ko ƙaya ta karce kuwa, ita ake gogewa, a lafta mata fenti, har inji ya buga mata zane. Ranar ciniki ta fi ɗaukar ido, amma damina ɗaya fentin ya tsattsage, kuɗina sun tafi. Waccan mai kawai take so, tana tsufa tana ƙara kyau. Shi ya sa sai na lanƙwasa fata na duba kafin na taya.