Baƙon Yini Ɗaya a Bakin Ruwan Abidjan

Wata ranar Laraba bayan sallar isha'i aka bugo mana waya a gidanmu na Adjamé. Ɗan baffanmu ne na Maraɗi, wanda shekara uku ke nan yana aikin girki a wani babban jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido. Ya ce jirginsu zai yada zango a tashar Abidjan ranar Asabar da hantsi, ya tashi kafin magariba, kuma an ba shi hutun yinin. "Yaya," in ji shi, "fasinjojinmu duk an tsara musu inda za a kai su. Ni ku ne za ku tsara mini. Ku nuna mini ruwan garinku, don an ce abin kallo ne."

Mun amsa da murna, amma da muka ajiye waya sai kunya ta rufe mu. A garin nan aka haife mu, a nan muka yi allo a zauren Malam mahaifinmu, a nan muka yi boko. Mun ƙetare gadar Houphouët-Boigny cikin bas sau ba adadi, ruwan Ébrié na shimfiɗe a ƙarƙashinmu, amma ba mu taɓa hawa kansa don mu dube shi ba. Da muka gaya wa Malam, sai ya yi murmushi ya ce mu mutanen tudu ne. Kakanmu fataucin goro ne ya kawo shi, ya hau jirgin ƙasa a Bobo-Dioulasso, kan layin nan da ake kira Abidjan-Nijar, wanda ya kai Wagadugu a 1954 amma bai taɓa taka ƙasar Nijar ba. Tun daga lokacin gidanmu ya fuskanci kasuwa da tashar mota, ya ba ruwa baya.

Sai ga wata matsala. Baƙo ba zai shigo gari ya fita bai gaida Malam ba, wannan ba tarbiyyarmu ba ce. To amma duk wanda ya san cunkoson Adjamé ranar Asabar ya san cewa zuwa da komowa zai cinye rabin yinin, jirgi kuma ba ya jiran kowa. Don wannan dalilin ne ma muka cire Grand-Bassam daga lissafi, duk da cewa can ne babban birnin farko na zamanin Faransawa tun 1893, kuma hukumar UNESCO ta sa tsohuwar unguwarsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2012. Kilomita 40 ba nisa ba ne, amma ga mai yini ɗaya caca ce. Muna cikin wannan tufka da warwara sai Malam ya raba gardama. Ya ce matafiyi ya fi mazauni uzuri, shi zai sauko bakin ruwa da kansa.

Ranar Asabar muka tarye shi a ƙofar tasha a Treichville, mu da yaranmu biyu. Muka fara da ciki. Muka zaunar da shi a rumfar mai garba, aka zubo masa attiéké, wato burabuskon rogo, da soyayyen kifin tuna da yankakken barkono da albasa. Da ya ji sunan abincin sai ya ɗago kai. Muka ba shi labarin da kowa ke bayarwa a garin nan, cewa sunan ya samo asali ne daga 'yan Nijar masu sayar da shi. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce shi mai girka wa ɗaruruwan mutane abinci bai san an raɗa wa wata cima sunan mutanenmu a bakin teku ba. Muka ƙara masa da cewa a Disambar 2024 UNESCO ta karɓi sana'ar yin attiéké cikin al'adun da ake kiyayewa.

A tashar jiragen fito ta Treichville muka iske Malam da sandarsa, ƙaninmu na riƙe masa da buta. Baƙo ya durƙusa ya gaishe shi, suka daɗe ana tambayar mutanen Maraɗi gida gida. Daga nan muka yanki tikitin jirgin SOTRA, wanda ke jigilar ma'aikata a kan ruwan nan tun 1980. Ba jirgin shaƙatawa ba ne, kuɗinsa kaɗan ne, amma ba mu san wata hanya da ta fi shi nuna wa mutum fuskar Abidjan ba. Malam ya yi addu'ar hawan jirgi a bayyane, ya riƙe bayan kujera gam. Yana da shekara saba'in da ɗoriya, ranar ce farkon hawansa ruwa.

Da jirgin ya rabu da gaɓa sai garin ya zama baƙo a idonmu. Dogayen benayen Plateau suka miƙe a gaba, Fadar Al'adu ta Treichville na ja da baya, gadar De Gaulle ta 1967 kuwa muka gan ta daga ƙasa, kamar rufin soro. Abin mamaki, baƙon da muka ɗauko don mu nuna wa gari shi ya koma malaminmu. Ya nuna mana kudu, ya ce ta can jirginsu ya shigo da asuba, ta mashigin Vridi. Kafin a haƙa shi a 1950, manyan jirage a tsakiyar teku suke tsayawa, a yi ta fito da mutane da kaya cikin ƙananan jirage zuwa gadar ƙarfe da aka miƙa cikin ruwa. Haƙa wannan mashigi mai tsawon kusan kilomita 3 ne ya haɗa tafkin da teku, aka buɗe tasha a 1951. Mun karanta wannan a aji, amma sai ranar muka gane cewa arzikin da ya riƙe kakanmu a garin nan ta wannan ƙofa yake shigowa.

Muka sauka a Plateau muka yi azahar a Masallacin Salam, baƙo ya bi jam'i tare da mu. Sannan muka sake hawa zuwa Blockauss, ƙauyen Ébrié da birni ya kewaye amma bai haɗiye ba. Daga wannan ɓangaren ake ganin lungun ruwan Cocody da sabuwar gadar Alassane Ouattara mai rataye da igiyoyin ƙarfe, wadda aka buɗe a 2023. Kyau kam akwai shi. Sai dai ba za mu ɓoye ba, a wasu lunguna ledoji da robobi ne ke yawo a kan ruwa, kuma mun san ta magudanan unguwanni irin namu suke gangarowa. Malam ya daɗe yana kallonsu bai ce uffan ba.

A nan ne 'yarmu ta tambayi baƙo ko ya iya iyo. Ya ce ba a ɗaukar mutum aikin jirgi sai an horar da shi yadda zai tsira idan ya faɗa ruwa. Sai ya juyo ya tambaye mu. Mu biyar, daga Malam har ƙaramin ɗanmu, ba wanda ya iya, alhali ruwa ya kewaye mu ta kowane gefe. Ya ce, "Yaya, ku kai yaran nan su koya, tun suna ƙanana." Muka yi masa alkawari a gaban Malam, don kada mu samu hanyar janyewa.

Bayan la'asar muka ratsa kasuwar Treichville a gurguje. Ya sayi turmin atamfa biyu da za mu aika wa mahaifiyarsa, Malam ya damƙa masa ƙunshin goron Anyama. Ƙarfe biyar muka mai da shi ƙofar tasha. Ya shige yana waiwaye har manyan akwatunan kaya suka tare mana shi.

Ƙaninmu ya tsayar da taksi don komawa Adjamé. Malam ya ɗaga sanda ya sallami direban, ya ce a koma tashar fito, a sake ƙetarewa ta ruwa zuwa Plateau, daga can a nemi mota.