Shafin Da Yakan Kwanta In Babu Rana

Ni malamin makaranta ne, da waya kuwa nake neman kayan darasi a intanet. Sau da yawa kafin shafi ya buɗe, hotuna da talla sun cinye mini data, alhali rubutun bai fi layi goma ba.

Shi ya sa aikin Kris De Decker, mutumin Beljiyam, ya shiga raina. A shekarar 2018 shi da abokansa suka gina wa mujallarsa, Low-tech Magazine, shafi mai aiki da hasken rana. 'Yar ƙaramar kwamfutar da ta riƙe shafin suka ajiye a gidansa a Basalona, ƙasar Sifen, faifan sola kuma a baranda. Suka rage nauyin hotuna, suka hana talla, har mai karatu yana iya ganin cajin da ya rage a batir. In gizagizai sun rufe rana kwana da kwanaki, sai shafin ya ɗauke.

Waɗansu za su ce kasawa ce. Ni ban ga laifin ba, gama mu da muka saba da ɗaukewar wuta mun iya jira. Wanda kuwa ba ya son jira, an buga masa rubuce-rubucen mujallar a littattafai.